Tara Irin Ciyawar Kiwo Dangin Wake: Wuri Ɗaya Ya Isa, Ko Sai An Yi Yawo?

Wani malamin gona da ke aiki tare da makiyaya ya aiko da tambaya. Ya ce suna son tara irin ciyawar daji dangin wake, kamar gadagi da sitailo, domin su farfaɗo da wani wurin kiwo da dabbobi suka cinye har ƙasa ta fito, kuma ya san wata fadama inda ciyawar ta yi kyau ƙwarai. Yana so ya san ko ya cika buhunansa daga wannan wuri guda, ko kuwa wajibi ne ya zaga wurare. Ya ƙara da cewa yana yawan ganin masana suna maganar bambancin gado "a cikin gungu" da kuma "tsakanin gungu", amma bai ga abin da wannan magana take ƙara wa mai tara iri ba.

Malam, kada ka cika buhunan daga fadamar nan ita kaɗai. Dalilin yana cikin waɗannan kalmomi biyu da ka ce ba ka ga amfaninsu ba, don haka da su zan fara.

Abin da ake kira gungu shi ne tarin tsire-tsire nau'i ɗaya da suke zaune wuri guda, kusa da juna har garin furen wannan zai iya kaiwa ga wancan. Gadagin da ke fadamarka gungu ne, wanda ke kan jigawa mai nisan kilomita 50 daga nan wani gungu ne dabam. Idan aka ɗauki ganye daga tsiro ɗari a wurare goma aka auna ƙwayoyin gadonsu, za a sami bambanci, kuma ana iya raba wannan bambanci gida biyu: wanda yake tsakanin tsiro da maƙwabcinsa a wuri guda, da wanda yake tsakanin wuri da wuri. Idan kaso mafi girma yana cikin gungu, to wuri ɗaya ya riƙe mafi yawan abin da nau'in ya mallaka, kuma yawo ba zai ƙara maka abu mai yawa ba. Idan kuwa kaso mai tsoka yana tsakanin gungu, to duk wurin da ba ka je ba ka bar wata dukiya da ba za ka same ta a fadamarka ba, ko da ka kwashe irinta ƙwaya ba saura.

Abin da ya fi komai yanke hukunci a kan wannan rabo shi ne yadda tsiron yake barbara. A shekarar 1989 wasu masana biyu, Hamrick da Godt, suka tattara sakamakon binciken da aka yi a kan nau'in tsiro fiye da 400, suka ga cewa a tsire-tsiren da furensu ke barbarar kansa, kusan kashi 51 cikin 100 na bambancin yana tsakanin gungu ne. A waɗanda ƙwari ke kai musu garin fure daga wani tsiro, kimanin kashi 20. A waɗanda iska ke kai musu, kimanin kashi 10. Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa. Kudan zuma da ke tashi daga wannan fili zuwa wancan yana ɗauke da gado a ƙafarsa, yana gauraya gidaje kamar yadda auratayya take haɗa dangin garuruwa, kuma tun da daɗewa lissafin masanin gado Sewall Wright ya nuna cewa baƙo ɗaya da zai shigo ya hayayyafa a kowane zuriya ya isa ya hana gungu biyu rabuwa nesa da juna ta hanyar sa'a kawai. Tsiron da yake barbarar kansa kuwa, a kowace zuriya rabin gaurayen da ke jikinsa yana ɓacewa, har bayan 'yan shekaru 'ya'yansa su zama kusan kwafinsa. Fili guda zai iya cika maƙil da tsiro dubu goma alhali asalinsu layi huɗu ne ko biyar, filin da ke gaba kuma yana da nasa layukan dabam.

Ciyawar kiwo dangin wake da aka fi yi wa wannan bincike ita ce farar kuloba ta ƙasashen sanyi, Trifolium repens, kuma ko da yake ba ta tsirowa a jigawarmu, darasinta ya shafe ka. Ita ba ta karɓar garin furen kanta, dole sai kudan zuma ya kawo mata na wani tsiro, shi ya sa bambancin da ke cikin fili ɗaya nata yake da ban mamaki. A wani tsohon filin kiwo a arewacin Wales ta Birtaniya, wani masani mai suna Burdon ya ɗauki tsiro 50 ya raine su dabam dabam, a 1980 ya bayyana cewa sun sha bamban a girma, da lokacin fure, da alamar ganye, da juriyar cuta. A wannan fili dai, Turkington da Harper suka nuna a 1979 cewa kulobar da aka ciro daga tsakiyar wani nau'in ciyawa ta fi yin kyau idan aka mayar da ita kusa da wannan nau'in, fiye da idan aka dasa ta kusa da wani. Wato a cikin fili guda wanda mutum zai ratsa shi cikin 'yan mintuna, tsiron ya riga ya saba da maƙwabcinsa.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai ga kuloba fili ɗaya ya wadatar. Sai dai akwai maganar guba. Wasu tsire-tsiren kuloba, idan aka tauna ganyensu, suna fitar da guba iri ɗaya da wadda ke cikin rogo mai ɗaci, wadda ake jiƙa rogo a shanya shi domin a kore ta. Abin yana buƙatar ƙwayoyin gado biyu: ɗaya, da ake kira Ac, tana sa a ƙera sinadarin da gubar take ɓoye a cikinsa, ɗayar kuma, Li, tana ƙera abin da yake kwance shi. Abubuwan biyu da ake ƙerawa suna zaune a ɗakuna dabam a cikin ganye, sai haƙori ya fasa ganyen su haɗu. Tsiron da ya rasa ko ɗaya daga cikinsu ba ya fitar da gubar yadda ya kamata, kuma dodon koɗi da ƙwari sun fi cin sa. A 1954 wani masani mai suna Daday ya auna gungu da yawa a faɗin Turai, ya ga cewa a gaɓar Bahar Rum kusan kowane tsiro mai guba ne, amma da aka nausa arewa maso gabas zuwa Rasha sai masu gubar suka yi ta raguwa har suka kusan ƙarewa, kuma raguwar tana bin sanyin watan Janairu sau da ƙafa. Haka ya gani idan aka hau duwatsun Alps. Da Turawa suka kai kuloba Amurka, wannan tsari ya sake kafa kansa a can daga kudu zuwa arewa. A 2022 aka wallafa wani babban bincike da ya auna tsiro fiye da 110,000 a birane 160 na duniya, aka ga cewa a kashi 47 cikin 100 na biranen, yawan masu guba yana sauyawa daga tsakiyar gari zuwa karkara, alhali sauran gadon nasu bai rabu sosai ba.

Wannan ne wurin da nake ganin masu karanta rahoton bincike suka fi yin kuskure. Alƙaluman da ake samu daga gwajin DNA yawanci suna auna sassan gado ne da ba ruwansu da rayuwar tsiron, sassan da suke ba da labarin wanda ya haɗu da wa, ba labarin wanda zai jure fari ba. Rahoto zai iya cewa kashi 90 na bambancin yana cikin gungu, kuma gaskiya ya faɗa, amma halin da kai kake nema, wato fure da wuri, ko jure kiwo mai tsanani, ko jure ƙasa mai yashi, ya kasance yana cikin kason nan goma da ya rage, a wuri ɗaya tak.

Mu koma ga sitailo, wato Stylosanthes, wanda shi ne ya fi kusa da aikinka. Mafi yawan nau'o'in Stylosanthes 'yan asalin yankin zafi na nahiyar Amurka ne, musamman Birazil, ko da yake muna da namu na gida, Stylosanthes fruticosa, da yake tsirowa da kansa a busassun yankunan Afirka. Sitailo ya fi karkata ga barbarar kansa, har an daɗe ana ɗaukar sa kamar ba ya gauraya sam, sai daga baya aune-aune a Kolambiya da Birazil suka nuna cewa a wasu nau'o'in, kamar capitata da guianensis, wani kaso mai ɗan yawa na 'ya'yan daga garin furen maƙwabci yake fitowa. Duk da haka yana ɓangaren da bambancin tsakanin wuri da wuri yake da nauyi, kuma tarihinsa a Ostareliya ya nuna abin da hakan yake jawowa.

Wajen farkon ƙarni na 20 wani nau'i mai suna Stylosanthes humilis ya shiga arewacin jihar Queensland ba tare da kowa ya kai shi da gangan ba, ya bazu a kusa da garin Townsville har aka laƙaba masa sunan garin. Shanu suka yi ƙiba a kansa, masu kiwo suka yi ta shuka shi a manyan filaye. Da masana suka zaga suka tara irinsa daga wuraren da ya bazu, sai suka tarar akwai mai fure da wuri, da matsakaici, da mai jinkiri, kowanne ya fi dacewa da tsawon daminar wani yanki, aka ma fitar da iri uku daga cikinsu: Paterson, Lawson da Gordon. Mutum zai ce ga yalwar gado nan. Amma daga 1973 cutar antiraknos, wadda wani naman gwari mai suna Colletotrichum gloeosporioides yake haddasawa, ta bayyana, tana ɓata ganye da kara da baƙaƙen tabo har tsiron ya mutu, cikin 'yan shekaru ta share mafi yawan filayen. Bambancin da ke akwai na lokacin fure ne, na juriyar cuta kuwa ba a zo da isasshe ba, domin 'yan ƙwayoyin da suka tsallaka teku guntu ne kawai na abin da nau'in ya mallaka a gida. Yawan tsiro ba shi ne yawan gado ba, kuma bambanci a hali ɗaya ba ya lamunce maka bambanci a wani.

Abin da ya ceci masu kiwon daga wasu gungu ya fito. Irin da ake kira Verano, na nau'in Stylosanthes hamata, an tsince shi ne a Maracaibo ta ƙasar Benezuwela, aka sake shi ga manoman Ostareliya a 1973. Shi kansa misali ne na bambancin tsakanin wurare mafi girma: hamata na tsibiran Karebiyan yana da kuromosom 20, wato ƙunshiyoyin da ƙwayoyin gado suke jere a cikinsu, amma na yankin Maracaibo yana da 40, saboda asalinsa haɗuwa ce tsakanin hamata mai 20 da humilis. Suna ɗaya suke amsawa, amma wanda ya tara iri a tsibiran kaɗai ba zai taɓa samun Verano ba. Haka kuma irin guianensis da ake kira CIAT 184, wanda aka tsinta a Kolambiya, shi ya tsaya wa cutar inda tsoffin irin guianensis suka faɗi, aka sake shi a Peru a 1985 da sunan Pucallpa, daga baya ya bazu a kudancin Sin. Sannan cutar ma tana da nata bambancin daga wuri zuwa wuri, domin an ga irin capitata da ya jure ta a Kolambiya ya kasa a Birazil, inda tsiron da cutar suka daɗe suna kokawa. Shi ya sa masu fitar da iri suka daina dogara da layi ɗaya: Siran na Ostareliya gaurayen layuka ne masu juriya dabam dabam, Campo Grande kuma, wanda hukumar binciken noma ta Birazil, Embrapa, ta fitar a 2000, haɗi ne na capitata kashi 80 da macrocephala kashi 20. A taƙaice, sun koma suna gina wa gona irin bambancin da daji yake da shi da kansa.

Wannan labari ya taɓa mu kai tsaye. A shekarun 1980 cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ILCA, wadda daga baya ta zama ILRI, ta yi aiki da Fulani mazauna kudancin jihar Kaduna a kan killace fili kimanin hekta 4 a shuka sitailo, a ajiye shi domin shanu su riƙa ci kaɗan kaɗan da rani. Verano ne ya zama ginshiƙin wannan aiki, saboda antiraknos ta riga ta nuna ƙarfinta a kan irin guianensis da aka fara kawowa Afirka ta Yamma. Idan sitailon da kake gani a gefen hanya ko a tsohon shinge jikan wannan iri ne, to ka sani duk yawansa daga tsatso ɗaya ya fito, kuma zagayen da za ka yi a kansa ba zai ba ka abin da zagayen gadagi ko fruticosa na daji zai ba ka ba. Ya kamata ka fara bambance na gida da baƙo kafin ka ɗaura buhu.

Yanzu ga fadamar taka. Kyan da ka gani a can ba hujja ba ce cewa irin wurin ya fi na sauran wurare. Tsiron da ya sami damshi da ƙasa mai laka zai yi tsawo da ganye ko da gadonsa matsakaici ne, wanda ke kan tsandauri kuma zai tsugunna ko da shi ne gwarzo. Hanya ɗaya ce ake raba abin da ƙasa ta bayar da abin da aka gada: a kawo iri daga wurare dabam dabam, a shuka su kunya kusa da kunya a fili guda, a maimaita kowanne sau uku ko huɗu a sassan filin, a ba su kulawa iri ɗaya, sannan a duba. Bambancin da ya rage bayan haka na gado ne. Akwai ma abin da ya fi wannan damuna game da fadama: wurin da kake son farfaɗowa busasshe ne, an tattake shi, ana kiwonsa ba hutu, alhali tsiron fadama zuriya bayan zuriya a cikin ni'ima aka tace shi. Mai yiwuwa ɗan guntun gadagin da ya kwanta a ƙasa a bakin burtali, wanda ido ba ya so, shi ne yake ɗauke da abin da kake buƙata, domin shi ya iya zuba iri kafin baki ya kai gare shi. Lokacin fure ma abin lura ne. Irin da ya saba da daminar wata shida ta kudancin Kaduna, idan aka kai shi inda ruwa yake ɗaukewa bayan wata uku ko huɗu, zai iya yin ganye mai kyau a shekarar farko ya bushe bai zuba iri ba, shekara ta biyu a nemi shi a rasa.

Game da adadi, akwai lissafi mai sauƙi da Marshall da Brown suka kafa a 1975, wanda har yau masu tara iri suke bi. A ce akwai wata sigar gado mai amfani da take jikin kashi 5 cikin 100 na gungu. Idan ka ɗauki iri daga tsiro 10 kawai masu barbarar kansu, yiwuwar ka rasa ta ya kai kashi 60 cikin 100. Da tsiro 30, ya sauko wajen kashi 21. Sai ka kai tsiro 59 kafin ya faɗo ƙasa da kashi 5. Ga tsiron da yake gauraya da maƙwabta, kowane ɗaya yana ɗauke da sigogi biyu dabam, 'ya'yansa kuma suna da iyaye maza da yawa, don haka wajen 30 sun isa. Shawarata ita ce ka riƙe ƙa'idar da ta fi tsauri, tsiro 50 zuwa 60 a kowane wuri, domin ta wadatar ko wace irin barbara ciyawar take yi. Ka lura cewa tsiro ake ƙirgawa, ba ƙwaya ba. Mudu guda daga tsiro biyar bai kai tafin hannu daga tsiro hamsin daraja ba. Ka riƙa barin taku goma ko fiye tsakanin wanda ka ɗiba da na gaba, saboda iri yakan faɗi a gindin uwa, waɗanda suke manne da juna yawanci 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma ka ɗebi kusan daidai da daidai daga kowanne, kada babban tsiro ɗaya ya cika rabin jakar.

Wuraren kuma ba nisa kaɗai ake dubawa ba, bambancin yanayi ake nema: jigawa, laka, tsakuwa, gindin dutse, wurin da ake kiwo sosai da wurin da aka killace. Wurare biyu da ke kan burtali ɗaya za su iya zama dangi na kusa ko da akwai tafiyar kwana uku tsakaninsu, domin irin sitailo yana da tauri, yana ratsa cikin saniya ya fito a kashi ya tsira, wasu nau'o'in kuma kwanson irinsu yana da ƙugiya da take maƙalewa a gashi. Wurare biyu da tudu ya raba, ɗaya yashi ɗaya laka, za su iya fin su bambanci alhali ana hango ɗaya daga ɗaya. Wurare biyar ko shida da aka zaɓa da wannan ido sun fi ashirin da aka jera a bakin kwalta ɗaya. Mafi yawansu su kasance masu kama da filin da za a shuka, fadamar ta zama ɗaya daga ciki.

Idan hali ya yi, ka je kowane wuri sau biyu, farkon kaka da ƙarshenta, domin wanda ya je sau ɗaya ya zaɓi masu nuna a wannan mako ne kawai ba tare da ya sani ba. Kada ka kwashe duka, ka bar mafi yawan irin ya faɗi inda yake. Kowane wuri da jakarsa ta takarda ko ta yadi, ba leda ba, a rubuta sunan wurin da irin ƙasar da ranar. Kada ka gauraya su tun daga daji. Ka raba kowace jaka gida biyu, rabi ka ajiye a wuri mai sanyi busasshe, rabi ka kai filin gwaji, sai bayan damina biyu, idan ka ga waɗanda suka zuba iri suka sake tsirowa da kansu, sannan ka haɗa uku ko huɗu daga cikinsu ka watsa a wurin kiwon. Kafin shukar gwajin ka karce irin ko ka jiƙa shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, saboda taurin ɓawo shi ma hali ne da yake bambanta daga gungu zuwa gungu, kuma idan ba a yi haka ba, kunyar da ta fito da tsiro kaɗan za ka ɗauka irinta ne ba shi da kyau, alhali ƙwayoyin suna nan kwance a ƙasa suna jiran damina mai zuwa.